Taswirar Gajere

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, akwai wani ƙaramin kamfani a Talata Mafara da aka ba kwangilar haƙa hanyoyin ruwa zuwa gonaki. Sanusi ne akawun ofishin zane. Aikinsa ajiye taswira, ita kuwa taswirar nan ba ta da zama. Injiniya zai kwana ya tashi da sabon tunani, ya karkatar da hanyar ruwa, a buga sabuwa, a jefa tsohuwar cikin kabad. Kowacce da lambarta a kusurwa, amma ban taɓa jin wanda ya kira lambar nan ba, har shi injiniyan.

Mutanenmu ba sa barin abu babu suna. Tsofaffin taswirorin kowacce ta samu nata: akwai wadda akuya ta ci wa gefe a Dosara, akwai ta ranar da janareto ya kama wuta. Wadda ake aiki da ita kuwa ana ce mata ta Gajere, domin Gajere masinja ne ke ɗaure ta a bayan kekensa cikin wani dogon gwangwani, yana kai wa masu awo da direbobin katafila. Shi dai bai taɓa buɗe gwangwanin ba. Ya ce ba aikin leƙe aka ɗauke shi ba.

Sanusi yana da gwaggo a Garbadu, Marka, wadda ta riƙe shi tun yana rarrafe. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai riƙo, kuma duk yaron da aka kawo mata takan dasa mangwaro a lambunta ta sa wa itacen sunansa. Akwai Taiba, akwai Lado, akwai Sanusi, wanda ya fi sauran girma ya kuma fi su rowar 'ya'ya. Lambun nan shi ne cinta, shi ne hirarta.

Da aka sa ranar zama tsakanin kamfani da mutanen Garbadu, Marka ta aika a kira mata Sanusi. Ya taho tare da Gajere, ya zaro taswirar, ya bi layin da yatsa. Hanyar ruwa ta yamma da lambun ta bi, ko inuwar itacen ba ta taɓa ba.

"Ka diba da kyau?" in ji Marka.

"Gwaggo, ni ka aje ta."

A ƙofar dagaci mutane suka ce sun yarda da abin da ke cikin ta Gajere. Marka ma ta ce ta yarda, tunda ɗanta ya gani da idonsa. Liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha, aka watse. Ba a jima ba wani ya kifar da kofi a kan taswirar ranar, aka buga wata, ita kuwa ta koma kabad da sunan mai tabon shayi.

Ana nan sai wani direban katafila ya haƙa doguwar hanya a wajen Bakura, a inda ba a nan ya kamata ba. Da aka tsare shi ya rantse ta Gajere ya bi, da idonsa ya gan ta. Aka tambaye shi yaushe, ya ce kafin sallah. Injiniya ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, sannan ya umarci Sanusi ya rubuta bayanin sunayen nan, kowa ya san abin da yake nufi idan ya buɗe baki.

Sanusi ya ji daɗin aikin nan ƙwarai, don ya daɗe yana jin akwai malami a cikinsa da ba a ba dama ba. Ya zauna gaban tafireta ya raba sunaye gida biyu. Akwai kafaffen suna, wanda ke manne da taswira ɗaya har abada, irin wadda akuya ta ci. Akwai kuma suna mai tafiya, wanda ke barin tsohuwa ya koma kan sabuwa duk lokacin da aka yi gyara, shi ne ta Gajere. Ya rufe da cewa wanda ya ambaci ta Gajere, yana nufin wadda ke cikin gwangwani ranar aiki, ba ranar magana ba. Jimlar nan ta burge shi, ya yi ta karanta wa Gajere ita har Gajere ya ce zai je duba iskar taya.

Aka buga hatimi, aka manna a ƙofar ofis, aka aika wa dagatai kwafi. Gaskiya bayanin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tun daga ranar ba a sake haƙa rami a gonar da ba ta ji ba ta gani ba.

Bayan damina sai ga turaku masu jan fenti a tsakiyar lambun Marka. Ashe masu awo sun tarar da dutse ta yamma, injiniya ya matso da layin gabas. Sanusi da hannunsa ya naɗe sabuwar ya sa a gwangwani, bai duba Garbadu ba, don shi a kansa maganar Garbadu ta riga ta ƙare. Da ya ga turakun, hankalinsa ya tashi. Ya zaro mai tabon shayi ya je wurin injiniya, injiniya ya ce a koma gaban dagaci, abin da aka amince da shi a can shi kamfani zai bi.

Aka taru, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da sanyi har aka gaji. Sanusi ya shimfiɗa mai tabon shayi ya ce wannan ce mutane suka gani. Abdu, wakilin kamfani, bai musa ba. Ya dai tambaya a kan wace magana aka shafa fatiha. Shaidu suka ce a kan ta Gajere. Dagaci ya ce shi bai yi boko ba, amma an aiko masa da wata takarda mai fassara irin waɗannan sunaye, tana nan ƙarƙashin buzunsa, a samu mai karatu. Babu wanda ya fi wanda ya rubuta ta cancanta.

Sanusi ya karanta. Da ya zo jimlar ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa, dagaci ya ce ya maimaita don na baya su ji.

"Malam Sanusi, abin ga da kak karanta, gaskiya ta ko ƙarya?"

"Gaskiya ta, ranka shi daɗe."

Dagaci ya ce to, fatiha ba a janye ta. Gajere, da ke tsugune a inuwa riƙe da kekensa, ya roƙi jama'a su shaida shi tuƙi kawai yake yi.

Marka ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ka iya rubutu, Sanusi." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar da katafila ta zo mangwaron bai nuna ba. Marka ta sa aka kaɗe ɗanyun duk da haka, ta miƙa wa Sanusi kwando ya riƙe, ya tsaya da rigarsa ta ofis yana tarar abin da ke faɗowa. Direban, mutum mai ladabi, ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta ta ina take so ya fara.

Ta bi itatuwan da hannu kamar mai gabatar da iyali ga baƙo.

"Wagga Taiba ta, wanga Lado na. Tun da anka dasa su ba su sake suna ba. Hwara da babban can, shi na Sanusi."