Bayan Hannun Kawu Haladu

Kawu Haladu ya ce bayan hannunsa ya fi injin asibiti. In ya ɗora a goshi, ko zazzaɓin gobe ne zai ji shi yau. Ya taɓa tsaron kyamis a Gwarzo, daga nan ya zama likitan danginmu.

Yayata Badi'a ce risho ya fashe da ita tana suyar awara, ta ƙone a ƙirji da hannaye. Aka tura mu Kano, ni ce mai jinya. Kullum sai an ɗebi jininta. Na tambayi likita dalili, ta ce mai ƙuna jikinsa dama da zafi, ba a gane shigar ƙwayar cuta da taɓawa. Amma akwai abin da yake hawa a jini tun kafin mutum ya galabaita, shi suke bi.

Kawu ya ji labari a garinmu Masanawa, ya ce zuƙe yarinya ake yi. Ya sa Baba a gaba suka zo da mota, a mai da ita gida ya yi mata da zuma. Baba kuwa ba ya musu da wansa.

Na tare su a ƙofa. "Kawu, da safe jinin ya nuna..."

"Uwaliya, ke da ko sakandare ba ki gama ba?"

Gaskiya ne. Na matsa.

Ya doshi gadon da Baba ya nuna masa. Tana kwance ta lulluɓa da mayafi. Ya naɗe hannun riga, ya runtse ido, ya lalubi goshi.

"Sanyi ƙalau! Babu komai a jinin nan. Wallahi ta fi ni lafiya. Ku ɗauko kayanta."

Mayafin ya yaye. Wata dattijuwa 'yar Getso ce, mai jinyar gadon kusa, ta samu gado ba kowa ta ɗan miƙe.

"Malam, lafiya?" in ji dattijuwar.

"Ina Badi'ar?" in ji Baba.

"An mai da ita ɗakin ciki, Baba. Jinin ya nuna cuta ta fara shiga, an sa mata allurai. Likita ta ce an kama da wuri."

Baba ya ce direba ya tafi kawai. Kawu yana ta gyara hula.

Na ce, "Amma ka yi daidai, Kawu. Innar nan lafiyarta ƙalau."