Ranar da Muka Cika Sittin Mu Tara

A shekarar 1400 ta Hijira kamfani ya karɓi gonar dabinon da muke aiki a Al-Awali, a ƙasar Larabawa, ya turo mana sabon manaja, Lurwanu ɗan Shu'aibu. Ɗanmu ne, a gabanmu ya yi rarrafe, amma ya dawo daga Riyad da tabarau da sabon tsari: kowa da kwantiraginsa, kuma wanda ya cika shekara sittin a takardar shaida sai gida.

Baba Audi abin ya fi tayar wa hankali. Shekara talatin yana hawan dabinon nan, bai san wani wuri ba. Abinci ma ya daina shiga masa.

«Ya ammi, nizam ne, doka ce, baffa,» in ji Lurwanu. «Ran ɗaya ga Rajab ka cika sittin. Khalas, ka je ka huta.»

«Hutu a ina, ɗana? Matata Kaltume ba ta barin mutum ya zauna a gida.»

Haushi ya kama ni, na miƙa masa tawa takardar don ya san ni ina nan daram. Ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa. Ya karɓi ta Sabiru, ya karɓi ta Bature. Mu tara, duk ɗaya ga Rajab, 1340.

Laifinmu ne. Ranar da muka je yin takardu, tare muka shiga layi, Audi a gaba. Cikinmu babu wanda ya san ranar haihuwarsa. Aka ƙiyasta wa Audi tasa, mu kuma ladabi ya hana mu saɓa wa babba, duk wanda aka tambaya sai ya ce, «Kamar ta yaya.» Har Sabiru, wanda ko furfura ɗaya ba shi da ita yau.

Lurwanu ya ce, «Wato nan da sati biyu ba ni da ma'aikaci ko ɗaya? Ga dabino ya kusa nuna!»

«Nizam ne, ya mudir,» in ji Bature, yana mayar wa manaja da maganarsa.

Dariya ta ƙwace wa Lurwanu har da hawaye. Ya ce tayyib, shi ke nan, zai rubuta wa kamfani a gyara takardun mutum takwas.

Muka tattara takardunmu muka mayar aljihu. Sabiru ya ce, «Tare aka haife mu, tare za mu tafi.»

Washegari kwantiragi tara ya kawo. Baba Audi ya dangwala yatsa, ya juya baya don kada mu ga idonsa, ya ɗauki igiyarsa ya nufi bishiya.