Taken Kamilu

Tun da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar Faskari, garinmu bai sake jin kiɗan kalankuwa ba, kuma da bikin ya mutu kasuwa ta bi shi. Da can in an gama girbi, mutane daga Daudawa da Ruwan Godiya har Sabuwa suke cika mana gari. Mahauta su yanka, teloli su rasa lokacin cin abinci, mu masu waina kuwa sai hannu ya gaji. Da abin ya tsaya, tandata ma kaji ne suka gaje ta suna shan ruwa a ciki.

Bana da aka ɗan samu sauƙi, Mas'udu sarkin samari ya tsaya kai da fata sai an dawo da bikin. Yaro ne mai bakin tsiya, amma a nan gaskiya ya faɗa. Ya ce a yi da rana a tashi kafin magariba, kuma kada kowa ya tuna wa baƙi abin da ya same mu, don in suka tsorata suka tafi ba za su ƙara dawowa ba.

A garinmu duk saurayin da ya isa riƙe garma yana da takensa a ganga. In aka buga, mai shi zai fito fili ya taka, kuma ganga ba ta wucewa kan wani sai ya fito. In mutum ya rasu, wani daga gidansu ne zai ɗora hannu a fatar gangar ya ce a ajiye taken, shi ke nan ba a sake buga shi. Da safen da Baba Gide makaɗi ya iso daga Sabuwa, gidajen da aka yi rashi duk sun je sun ɗora hannu. Gida ɗaya ne ya ƙi, gidan Yaya Suwaibatu, yayar mijina, wadda muke suya tare.

Ɗanta Kamilu a gona aka ɗauke shi. Waɗanda suka dawo daga daji sun ce sun bar shi kwance ba ya iya tashi, amma ba wanda ya ga gawarsa, don haka ta hana a zo mata gaisuwa. Mas'udu ya durƙusa ya roƙe ta, ta ƙi. Ya koma wurin Baba Gide ya ce to a tsallake taken kawai, tsohon ya ce shi ba ya tsallake mai rai, in ya yi haka shi ya kashe yaron da hannunsa. Ni ma na yi mata magana muna jiƙa shinkafa, har da ɗan faɗa.

"Bilki, ba ki san shi ba," ta ce. "Yaron nan in ya ji takenshi, ko da rarrafe sai ya hito."

Bikin ya yi kyau, wallahi har sai da na ji haushin kyansa. Fili ya cika, masu yadi sun baje, hayaƙin tsire ya tashi, ƙullinmu ya yi rabi tun kafin la'asar. Maƙwabciyarmu Nana Khadija, da ta sayar da akuyarta ta sayo kayan alawa, bakinta ya ƙi rufuwa. Samari suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ana guɗa.

Sai Baba Gide ya juya ganga ya buga taken Kamilu. Duk ɗan gari ya gane shi, guɗa ta tsaya. Fili ya zauna wayam, tsohon ya ci gaba da bugawa, gumi na bin gemunsa. Yaya Suwaibatu ta miƙe da cokali a hannu tana kallon hanyar gona. Ni ma, Allah ya sani, sai da na kalla. Awaki ne kawai ke tahowa.

Baƙi suka fara tambayar ina mai taken. Wani ya raɗa wa wani, maganar ta bi cikin taro. Na ga wani mai yadi daga Mairuwa ya soma ninke kayansa, 'yan acaɓa biyu suka tayar da babur. Nana Khadija ta rungume farantinta tana kallonmu. Wainar da ke tanda ta ƙone ƙurmus.

Yaya Suwaibatu ta dubi mai yadin, ta dubi Nana Khadija, ta sake duban hanya. Sannan ta ba ni cokalin, ta gyara mayafi, ta ratsa filin ita kaɗai. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Ta tsaya gaban Baba Gide ta ɗora hannu a kan fatar, gangar ta yi shiru.

"Baba, a aje shi."

Tsohon ya share ido da hannun riga, ya buga na gaba. Wani saurayi ya fito, guɗa ta tashi da ƙyar, mai yadi ya sake baje kayansa. Yaya Suwaibatu ta dawo ta zauna, ta kankare ƙonanniyar wainar ta zuba sabon ƙulli. Wani baƙo ya tsaya yana tambaya ko akwai mai zafi, ta ce masa ya ɗan jira. Sai ta juyo gare ni ba tare da ta ɗago kai ba.

"In an tashi, ki sa a hwaɗa ma liman. Gobe ana iya zuwa gaisuwa."