Faratan Hannun Dama

Duk wanda ya san layin mahauta a kasuwar Talata Mafara ya san Ɗanlami, mai saran ƙashi kamar da ma yana da jiƙaƙƙa da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, duk Laraba bayan la'asar yakan tura ƙyauren gida, ya ɗauko jita, ya zauna gaban waya yana koyon wani kiɗan mutanen Sifaniya da ake kira filamenko.

Jitar wani ɗan bautar ƙasa ne da ya koyar a sakandaren Kaya ya bar masa, shi ne kuma ya jona shi da ajin koyon kiɗan da ake yi ta waya. Malamin wani tsoho ne mai furfura, Malam Migel. Turancinsa gurgu ne, na Ɗanlami ma ɗingishi yake yi, don haka suka fahimci juna sarai. Ranar farko ya ce kowa ya ɗaga hannun dama gaban waya. Da ya ga na Ɗanlami sai ya girgiza kai, ya ce wannan kiɗa da farce ake yin sa, sai ya bar faratansa sun tsiro.

Mahauci da dogon farce! Amma Ɗanlami ya bar su. Ya sayi safar hannu ta roba yana sawa a wurin sana'a, abokansa suna ce masa likita, yana dariya. Sau biyu babban farcen yana karyewa a jikin ƙashi, ya dawo gida kamar an yi masa rasuwa.

Matarsa Fiddausi ce ta tsaya masa. Ita ke goge masa bakin faratan, ta shafa musu man kaɗanya. Ita ke riƙe wayar a gindin dalbejiyar tsakar gida, don nan kaɗai ne sabis ke tsayawa. Kiɗan kuma yana tafiya da tafi, mai wuyar lissafi, wanda ya gagari ɗalibai da yawa. Fiddausi da ta tashi cikin gaɗar 'yan matan Bakura, sau ɗaya ta ji ta kama shi. Daga nan sai ta riƙa ɗora wayar a cinya tana tafawa. Malam Migel bai taɓa ganin fuskarta ba, amma duk mako sai ya gaida “mai tafi”. Ɗanlami kan ji kansa ya yi girma.

Da zangon ya zo ƙarshe, malamin ya ce tsufa ya kama shi, aji ɗaya ya rage masa ya koyar. Laraba mai zuwa kowa zai kaɗa abin da ya iya, ya zaɓi 'yan kaɗan ya ci gaba da su, sauran kuwa sai haƙuri. Ɗanlami bai taɓa son wani abu a rayuwarsa yadda ya so shiga cikin 'yan kaɗan ɗin nan ba.

A cikin makon Fiddausi ta je Bakura sunan ɗan yayanta. Ta dawo shiru-shiru, ya tambaye ta, ta ce gajiyar hanya ce. Shi kuma sarkin yarda, ya yarda.

Talata aka ci kasuwa, tun asuba yana tsaye. Laraba ya sake sammako mayanka, ya dawo ya yi azahar, ya miƙe a tabarma don ya ɗan runtsa kafin aji. Barcin mahauci washegarin kasuwa kuwa, ko katanga ta faɗi ba ya ji.

Ya farka ya kai hannu zai sosa wuya, sai ya ji hannun kamar ba nasa ba. Ya duba. Faratan biyar babu, an yanke su har gindi. An yi aikin da kyau, ko ƙwarzane babu, an ma goge bakinsu sumul. Wannan kulawar ita ta fi yi masa ciwo, don ya san hannun da ya iya ta.

Tana zaune a bakin madafi, ba ta gudu ba, ba ta ɓoye abin yankan ba.

“Fiddausi, mi kinka yi min?”

“Na yanke su, maigida.”

“Na gani. Don mi?”

Sai ta fashe da kuka, maganar ta fito a guntule. Wani mai fataucin shanu na Maradun ya gaisa da Ɗanlami ya ga hannun, labari ya riga ta isa Bakura. Tana shiga gidan suna Gwaggo Taiba, ƙanwar mahaifinta, ta ce a ba matar makaɗi wuri. Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce tun da ta iya tafi, sai ta koyi roƙo su riƙa bin bukukuwa tare.

“Gwaggo ta ce gidanku kalangu aka buga muku tun kakanni, ku aka yi ma kiɗi, ba ku ka yi ba. Wallahi ko tuwon sunan ban iya ci ba.”

“Shi na ba ki hwaɗa min ba? Ke da munka yi abin ga tare?”

“In na hwaɗi, ka bari?”

Ba zai bari ba, kuma ta sani. Da Gwaggo Taiba ce ta zo da kanta ta zage shi, da dariya zai yi. Da abokan kasuwa ne suka danne shi suka yanke, da an yi dambe an wuce wurin. Amma ita ce ta san ranar, ta san irin barcinsa, ta san farce ba ya tsirowa a yini guda. Duk abin da ta yi amfani da shi, shi ya ba ta da hannunsa.

Aka kira la'asar, ya yi salla, ya ɗauko jitar. Fiddausi ta share hawaye ta taso ta miƙo hannu za ta karɓi wayar kamar kullum. Bai dube ta ba. Ya jawo turmi gindin dalbejiya, ya kife shi, ya jingina wayar da tabarya.

Da layi ya zo kansa ya kaɗa. Yatsun sun san hanyarsu, ba su kuskure ko ɗaya ba, amma tsoka ce ke dukan tsirkiya. Sautin ya fito dum-dum kamar ana kakkaɓe katifa. Bai kai rabi ba Malam Migel ya ɗaga hannu, ya ce ya matso da yatsunsa gaban waya. Tsohon ya daɗe yana dubawa, bai tambayi dalili ba. Ya ce abin tausayi ne, ya so ƙwarai ya ji shi yau.

Sannan ya ɗan karkato kai ya ce, “Ina mai tafi?”

Tana tsaye bayan turmin, hannayenta a buɗe a gaban ƙirji, tun ɗazu suke jiran ya ba ta alama.

Ɗanlami ya dubi wayar ya ce, “Ba ta nan.”