Tankin Tonton Dossa

"Girgiza da ƙarfi mana, Afiavi! Ba jariri kike lallashi ba," in ji Tonton Dossa.

"In kana da ƙarfin, sauko daga kujerar ka karɓa," in ji Tanti Afiavi, matarsa, tana haki.

Ni da ita muke riƙe da tankin man motarsa, kowacce da gefenta, tsakuwa da tsofaffin notuna na ta ƙara a ciki. Tonton Dossa, maƙwabcinmu a Porto-Novo, yana zaune lulluɓe da zane duk da zafin rana. Asibiti sun sallamo shi, sun ce a kai shi gida ya huta, kuma duk layinmu mun san abin da hakan ke nufi. Buri ɗaya ya rage masa: ya koma Savalou, garinsu, a cikin tsohuwar Fijonsa, motar da ya ɗauko Tanti a ciki tana amarya. Ni da na cika kaina da littattafan soyayya ban taɓa ganin namiji ya kalli mace yadda yake kallon su biyun ba, ita da motar.

Amma man kwalba na bakin titi, mai gaurayen ruwa, ya daɗe yana kwana a tankin. Da muka juye tsakuwar, jan garin tsatsa ya zubo kamar barkono. Codjo makanike ya wanke cikin da ruwan tsami, ya shanya, ya dama maganin liƙi a gwangwani. Kafin ya zuba, sai ya ɗaga tankin sama ya leƙa ta bakinsa. Ya daɗe bai sauke ba.

"Mene ne?" in ji Tonton.

"Tonton, rana nake gani."

Na karɓa na leƙa. Haske na shigowa ta ƙasan tankin ta ƙofofi barkatai, kamar rariya. Ashe tsatsar ce ke toshe su. Da hannunmu muka kankare abin da ke riƙe da shi.

"Maganin ba zai kama ba?"

"Ba ƙarfen da zai kama, Tonton. Irin wannan tankin kuwa, ko a Cotonou sai an sha nema."

Tonton ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "To, Afiavi, kin ga aikinki. Na ce ki girgiza, ban ce ki kashe ba."

Ba ta rama ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Daga ranar bai ƙara neman a fito da shi tsakar gida ba. Ran Talata da hantsi, Tanti tana miƙa masa koko, ya kau da kai, ya cika.

Da aka fara zancen hayar motar gawa zuwa Savalou, Codjo ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya ce akwai dabara: a ɗaure jarkar mai a kan rufin Fijon, a jawo tiyo zuwa inji, za ta kai Savalou a hankali. Ya ce bai iya faɗa wa Tonton ba, mutumin da ko kaza ba ya bari ta hau motar.

Tanti ta dubi tankin, yana jingine da bango, kaji na tonon jan garin da ke gefensa.

"Ɗaura jarkar, Codjo," ta ce. "In ya ji haushi, ya tashi ya faɗa mini."