Yunwar Zabiba

Wata huɗu cif Rumasa'u ta yi tana bin takarda guda ɗaya, kuma ba ta aiki ba ce, ba ta asibitin mahaifiyarta ba ce, takardar kyanwa ce. Ko ita kanta in ta tuna sai ta ja tsaki.

Kyanwar sunanta Zabiba, baƙa siririya mai farin wuya, kuma ta Inna Kabira ce, mahaifiyar Rumasa'u. Tun da ciwon sukari ya cinye wa tsohuwar ido, duniyarta ta koma ɗaki biyu a hawa na uku na wani tsohon gini a unguwar Misfala da ke Makka. Rumasa'u kan fita tun da sassafe zuwa otal ɗin da take wankin zannuwan gado, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Duk tsawon wunin nan babu mai amsa wa Inna magana sai Zabiba, wadda ke kwana a cinyarta tana jin labarin garinsu Abeshe da na mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Sai dai Zabiba ba ta san gajiya da haihuwa ba. Da ta ga ƙofa a buɗe sai ta sulale, bayan 'yan watanni a ji kukan jarirai a wani lungu. Haihuwa ta farko a ƙarƙashin gado ta yi, aka rarraba 'ya'yan. Ta biyu a kan matakala. Ta ukun ce ta ɓallo ruwa, domin baiwar Allah ta rasa inda za ta sauka sai cikin kwalin sababbin haramai na Hamad, mai gidan, wanda ke sayar wa alhazai kaya a shagon da ke ƙasa. Fararen tawul fes, ta mayar da su gadon jego.

Hamad haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa, Hausarsa kuwa duk ta jiƙe da Larabci. Ya hau har sama da kwalin a hannu yana haki.

"Ya ukhti, ni ba mugu ba ne, wallahi. Amma bissar nan, kyanwar nan taku, halas, ta ishe ni. Ko a yi mata aiki ta daina haihuwa, ko in sa a kai ta bayan gari a sake ta."

"Ka yi haƙuri, Abu Mish'al, za a yi," in ji Rumasa'u.

Faɗa ce mai sauƙi. Da ta tambayi kuɗin aikin a asibitin dabbobi sai ta ji ya kusa lashe rabin albashinta. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta labarin wata ƙungiyar 'yan sa kai da ke ɗaukar nauyin aikin ga marasa ƙarfi. Daga nan aka shiga wahala. Aka ce ta cike fom a waya, ta cike. Aka ce hoton iƙamarta, katin izinin zama, bai fito ba, ta sake. Aka ce ta kawo shaidar albashi daga otal, shugabanta ya yi mako biyu yana ce mata gobe. Aka ce a turo hoton kyanwar tana kallon kyamara. Wanda ya ƙirƙiro wannan sharaɗi dai a fili yake bai taɓa riƙe kyanwa ba.

Duk wannan lokaci tana tsare da ƙofa kamar mai gadi, Hamad kuma yana tare ta a matakala. Daga ƙarshe ya yanke: takardar likita a hannunsa kafin Juma'ar ƙarshen wata, in ba haka ba kada a ga laifinsa. Ana saura mako guda saƙo ya shigo. An ba Zabiba Talata, ƙarfe tara na safe, a wani asibitin dabbobi a Rusaifa. A ƙasan saƙon an rubuta cewa kada a ba ta komai ta ci tun daga isha'in ranar Litinin.

Da magaribar Litinin ta karanta wa Inna saƙon. Tsohuwar ta ajiye carbinta.

"Wato a kulle ta ba abinci?"

"Dare ɗaya ne, Inna. Saboda allurar barci ne, in da abinci a cikinta zai iya shaƙe ta."

"Ke ba ki san abin da ya sami matar da ta kulle kyanwa da yunwa ba? A garin nan za ki sa ni in aikata wannan, ina jin kiran salla daga Harami?"

"Inna, wannan daban, wancan daban. Likita ne ya ce."

"Likita zai shiga kabarina?"

Rumasa'u ta dube ta. Wata huɗu tana yawo a rana, yanzu kuma a gida za a kafa mata shari'a. Ta yi bayani da Hausa, ta sake yi da Larabci, ta haɗa da rantsuwa. Inna ta ci gaba da shafa bayan kyanwar, can ta ce, kamar mai magana da kanta, "Mahaifinki Malam Sabo shekara goma sha ɗaya yana tsayawa Arfa a madadin mutanen da ba su iya zuwa ba. Abin da wani ya kasa ɗauka, wani na ɗaukar masa." Rumasa'u ta ɗauka irin hirar tsofaffi ce da ke zuwa ba kai ba gindi. Bayan isha'i ta kulle Zabiba a banɗaki, ta ɗauke kwanonta.

Da safe ta haɗa wa Inna shayi da gurasa da dafaffen waken ful, ta ajiye tiren kusa da hannunta tare da ƙwayar maganinta. Sannan ta sauka hawa na biyu aron kwandon roba mai murfi. Maƙwabciyar ta tsare ta da surutu, ta yi kamar minti goma. Da ta dawo ta tarar da Zabiba ta daina kukan da ta yi ta yi tun asuba, har tana lashe ƙafa. Sai ta ji daɗi, ta ce a ranta kyanwar ma ta haƙura.

Tasi biyu suka wuce ta da suka ji kuka daga cikin kwando. Na uku ya ɗauke ta yana mita har Rusaifa. Ta isa saura minti biyar, jiƙe da gumi cikin abaya.

Wata matashiya mai suna Dalal ce ke karɓar masu takardar ƙungiya. Ta duba waya, ta duba iƙama, ta yi murmushi.

"Ta ci wani abu tun jiya?"

"Ko ƙwayar shinkafa. Da hannuna na kulle ta."

Dalal ta buɗe kwandon ta ɗora Zabiba a kan teburin ƙarfe don ta auna ta. Kyanwar ta tsaya, ta miƙe wuya, ta yi wani irin kakari sau biyu, sai ga shi ta amayo kifin gwangwani da madara, tuli guda, a tsakiyar teburin. Ko narkewa bai fara ba.

Rumasa'u ta tsaya tana kallon aman nan. Ta san kifin, ita ta saye shi ranar Asabar, ta ajiye a saman kanta inda ta ɗauka hannun makauniya ba zai kai ba. Kunya da takaici suka rufe ta lokaci guda.

"Ma'alesh, ya khala, ki yi haƙuri," in ji Dalal, "ba za mu iya yi mata allura yau ba."

"Ai ta amayar! Ga shi nan kina gani, cikinta ya koma wayam."

"Ba mu san abin da ya rage ba. In ta mutu a hannunmu fa?"

"To gobe. Ko jibi. Zan sake roƙon hutu."

Dalal ta juya mata fuskar kwamfutar, kamar ganin layukan zai rage mata zafi. Gurbin ƙungiya ranar Talata ne kawai, mutum shida, kuma an cike har bayan aikin Hajji. Wanda ya rasa ranarsa yana komawa ƙarshen layi. In tana so a yi ranar Alhamis ana iya yi, amma da kuɗinta. Rumasa'u ta roƙi a ba ta ko 'yar takarda ce da ke nuna ta zo, Dalal ta ba ta. Ta san Hamad sarai, ba takardar zuwa ya ce a kawo masa ba.

A hanyar dawowa ta shirya maganganun da za ta faɗa wa Inna, ta jera su tsaf. Za ta ce mata ranar hutunta ce ta ƙone. Za ta ce mata tausayin da ta ji na dare ɗaya shi zai sa a jefar da Zabiba cikin duwatsu inda babu ko ruwa. Yau kam ba za ta rage komai ba, uwa ko ba uwa ba. Ta wuce shagon Hamad ba ta ɗaga kai ba, ta hau matakala tana huci, ta tura ƙofa.

Tiren na nan inda ta ajiye shi. Shayin ya huce har ya yi yana, gurasar ko gutsura ba a yi ba. Ƙwayar maganin ce kaɗai babu. Inna na jingine da bango, fuskarta sharkaf da gumi, hannayenta na karkarwa.

"Inna! Me ya sa ba ki ci ba?"

"Ai na ɗaukar mata." Muryar da ƙyar take fita. "Tun isha'in jiya ban sa komai a bakina ba sai maganin nan. Yunwa suka ce a yi, ga ta nan an yi, ba a rage ko awa ɗaya ba. Ita dabba ce, ba ta san dalili ba. Ni na sani."

Duk maganganun da Rumasa'u ta jera suka watse. Ta yar da kwandon, ta ruga ta dama sukari a ruwa, ta kai kofin bakin tsohuwar. Inna ta kau da kai.

"An gama mata? Sai an gama zan sha."

Rumasa'u ba ta saba yi wa mahaifiyarta ƙarya ba. Ta dubi leɓunan da suka bushe, ta dubi hannun da ke rawa.

"An gama, Inna. Sha."

"Alhamdulillahi." Ta sha har ƙasan kofin. Rumasa'u ta ɓare mata dabino uku, ta riƙa tura mata gurasa kaɗan-kaɗan, har karkarwar ta lafa, numfashinta ya daidaita. Ita kuwa ta zauna a ƙasa, haushi na cinta, ta rasa wanda za ta sauke wa.

Ba ta lura murfin kwandon ya buɗe ba. Zabiba ta fito ta yi miƙa, ta haye cinyar Inna kamar kullum, ta birkice ta ba da ciki. Hannun tsohuwar ya sauka a hankali, yana lalube da tsoron kada ya fama ciwo. Ya bi cikin daga sama zuwa ƙasa. Ya sake bi. Gashi ne lub-lub ko'ina, babu aski, babu ɗinki.

Hannun ya tsaya. Inna ba ta tambayi dalilin ƙaryar ba, ba ta kuma tambayi abin da ya faru a Rusaifa ba. Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashin 'yarta.

"Rumasa'u, yaushe Hamad ya ce?"

"Juma'a, Inna."

Tsohuwar ta sa hannu biyu ta jawo kyanwar ta manna ta a ƙirjinta.