Farar Wuta a Kunun Baba Abdulƙadiri

Da ma'aikaciyar asibitin ta zaro allurar daga hannun Baba Abdulƙadiri, sai Turai, maƙwabciyarsa, ta leƙa ta gani. Jinin da ke cikin sirinjin ba ja ba ne. Baƙi ne mai ratsin kore, kamar ruwan da ya daɗe kwance a fadama. Juwairiyya, ɗiyar tsohon, ta dubi jinin, ta ɗago ta dubi Turai, kuma ba ta ɗauke idonta ba.

Turai ta san fassarar kallon nan. Tun da matar Baba ta rasu, ita ke dama masa kunu kullum safiya ta miƙa ta kan katanga, don maƙwabtaka kawai. To, da leɓɓansa da faratansa suka fara yin shuɗi, sai maganar sammu ta tashi a unguwa. Mutanen garin nan na Dinawa kuwa ba sa faɗa maka a fuska, sai dai ka ga ana janye yara daga ƙofar gidanka. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ga shi ba wanda ya tuhume ta a fili balle ta rantse.

Likita ya tambayi abin da tsohon ke ci. Juwairiyya ta ce kunun Inna Turai ne kaɗai ke shiga cikinsa. Magani fa? Ta ce ba ya shan komai. Baba yana kwance yana haki, ya kafa wa silin ido. Mutum ne mai taurin kai, wanda a noman albasa ma bai taɓa karɓar shawarar kowa ba. Turai ta matso bakin gadon.

"Baba, don Allah in da abin da kaka sha, hwaɗa musu. Ni aka kallo."

Can sai ya cire hularsa, ya zaro wani ƙullin leda daga ciki. Garin farar wuta ne, rawaya, da wasu fararen ƙwayoyi na kemis.

Ashe ƙaiƙayi ya dame shi tun ban-ruwan rani. Kowa ya san farar wuta da man shanu ake kwaɓa ta a shafa, amma shi Baba ya yanke hukuncin cewa ƙaiƙayin daga ciki yake, don haka ciki za a bi shi. Sai ya riƙa barbaɗa ta a kunu in Turai ta juya baya, ya kora da ƙwayoyin, wata da watanni.

"Ni nika zuba abina," in ji shi. "Turai ba ta da laihi. Kunya ta hana ni hwaɗi."

Likitan ya yi musu bayani a hankali. Akwai abin da ke sa jini ja, shi ke ɗaukar iskar numfashi ya kai wa jiki. Sinadarin da ke cikin farar wuta da irin ƙwayoyin nan kan manne masa, in kuwa ya manne ba ya saki, sai ya canza launi ya daina ɗaukar iska. Sai dai a jira jiki ya yi sabon jini, kuma wannan aikin watanni ne. Saurayi zai iya jira. Zuciyar Baba kuwa da ma ta gaji.

Bai jira ba. Ya cika ranar Juma'a da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa. Turai ta yi kuka sosai, amma ko a cikin kukan tana jin an sauke mata wani dutse daga ƙirji, har ta yi istigfari don jin sanyin da ta ji.

Ranar sadakar uku tana rakuɓe a bakin zaure, ta rasa ko ta shiga ko ta koma. Juwairiyya ta fito ta durƙusa a gabanta, mata duk suna kallo.

"Inna, ki yahe min. Taso ki ɗora muna tukunya."

Turai ta tuƙa tuwon da hannunta, aka rarraba gida-gida. Da la'asar kwanuka suka fara dawowa. Tana zaune a bakin rijiya tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne an suɗe shi tas, wani ma har da sawun yatsun yaro a gefe.